Makulli a Cikin Jaka

Motar nan ita kaɗai ce abin kirki da mijina ya mutu ya bar mini. Da ita nake kai yaran unguwa makaranta, da ita nake ciyar da 'ya'yana uku. Saboda haka duk wanda ya kalle ta sau biyu, ni sai na kalle shi sau huɗu.

Ranar ina dawo da Kawu daga asibiti ne, ya matsa mini mu bi ta bayan ma'aikatar katako, wai ya fi kusa. An kwana ana ruwa. Ba mu yi nisa ba tayoyin gaba suka nutse a taɓo, na ƙara taka mai, mota ta yi tari biyu ta mutu murus.

"To ga kusa nan, Kawu," na ce. Ya yi kamar kunnensa da ba ya ji ne ke wajena.

Muna nan tsaye sai ga wata ƙatuwar jif, irin mai ja da tayoyi huɗu. Wani dogo ya sauko sanye da baƙin tabarau. Abin da na fara dubawa lambar motarsa ce, ita kuwa laka ta rufe ta ruf.

"Sannu baiwar Allah, sannu Baba. Buɗe mini but."

"Me ka ajiye a ciki?"

Ya yi murmushi. Kawu ya harare ni, na buɗe ina tsaye a kansa. Ya ɗaga tayar safaya ya zaro wani ƙarfe mai zobe a kai, ya ɓalle wani ɗan murfi a bamba ta gaba, ya murɗa ƙarfen a ciki har ya ƙi motsi. Ya ce a nan kaɗai ake ɗaura igiya, in aka ɗaura a bamba sai ta biyo igiyar ta bar motar. Shekara huɗu ina tuƙa motar nan ban san da ƙarfen ba. Na ce a raina, wa ke sanin motar mutane haka in ba mai kwance ta ba?

Ya ɗaura igiyar, ya shimfiɗa tabarmar ƙafa ta roba a tsakiyarta, wai ko ta tsinke kada ta yi wa wani bulala. Sannan ya ce Kawu ya koma jif, ya fi aminci. Kawu har da sa masa albarka. Wato an raba mu ke nan.

Ya leƙo ta tagata. "Ki sa giya a firi. Birki zai yi tauri tunda inji a mace yake, ki taka da ƙarfi. Makulli kuma ki murɗa sau ɗaya ki bar shi a jiki. Kada ki cire shi."

"Na ji."

"Kada ki cire makullin, don Allah."

Sau biyu fa. Me ya dame shi da makullina?

Ya ja a hankali har igiya ta miƙe, sannan motar ta fito daga taɓon kamar an zare cokali daga miya. Muka ɗauki hanya, tafiyar da mai keke ma zai wuce mu. Hankalina ya fara kwanciya. Sai muka iso mararraba, maimakon ya hau babban titi, ya miƙe ta wata hanya shiru, ba gida ba shago. Na danna ham. Ya fito da hannu ya yi mini alamar in yi haƙuri.

Nan na gama lissafina. Zai tsaya inda ba kowa, ya jefo mini tsoho, ya shige motata. Ai kuwa ba da makullina ba. Na zare shi, na jefa cikin jaka, na ja zif, na zauna a kan jakar.

Gaba kaɗan akwai kwana a bakin wata ƙaramar gada. Jif ta karya dama. Na juya sitiyari, ya yi ƙaras ya kulle. Na ja da hannu biyu, ko gezau. Na taka birki na ji kamar dutse. Ina kallo motar mijina ta tafi ta rungumi simintin gadar. Fitila ta tarwatse, gefen hagu ya ɓare tun daga hanci har ƙofa.

Mutumin ya taho da gudu, tabarau a hannu. Ashe ido ɗaya ne da shi.

"Kin ji ciwo?"

Na girgiza kai. Ya kalli inda makulli ya kamata ya kasance, ya kalli jakar da nake zaune a kai. Ya ciro wayarsa da katin shaidarsa ya miƙo mini.

"Riƙe waɗannan har mu isa. Babban titi akwai gangara, birkinki ba zai riƙe ba, shi ya sa na biyo nan. Mayar da makullin."

Kunya ta sa na ji kamar in shige ƙarƙashin kujera. Na mayar, na murɗa sau ɗaya, sitiyari ya saki.

A gareji makanike ya duba inji ya ce ruwa ne ya taɓa waya, aikin rabin awa. Sannan ya zagayo gefen hagu ya tsaya, ya riƙe ƙugu.

"Wannan kam sai sati uku. Wane marar imani ne ya ja motar nan haka?"

Ya juya yana kallon mai jif, wanda ke durƙushe yana naɗe igiyarsa. Mutumin bai ɗago ba. Kawu ma ya sunkuyar da kai. Sati uku ba kai yara makaranta, ba kuɗin shiga.

"Bar kallonsa," na ce. "Ni ce."