Ƙofar Lemuel Tackett

Orpha ta riga ta yanke ɗaya daga cikin fatu biyu da ke riƙe da ƙofar lokacin da mijinta Lemuel ya dawo daga haƙa kabari. Ya yar da diga ya cafke hannunta.

"Me kike yi haka?"

"Kana da ido. Sake ni, Lem."

'Yarsu Delia na kwance a kan gado cikin rigarta ta zuwa coci. Shekararta shida. Ciwon maƙogwaron da ke bin gonakin Nebraska gida-gida a hunturun nan shi ya shaƙe ta da safe. Ba yara kaɗai ciwon ya cinye ba, har katako. Ƙasa ce da za ka yi tafiyar yini biyu ba ka ga bishiya ba, don haka tebura da bencina da allunan amalanke duk sun zama akwatin gawa. Nasu teburin ma ya tafi da ɗan maƙwabta watan jiya. A ɗakinsu na tubalin ciyawa, wato ƙasar da aka yanko haɗe da ciyawarta, ƙofar nan ce kaɗai katakon da ya rage.

"Gobe ne fa, Orpha," in ji Lemuel. "Gobe za a rantsar da shaidu a ofishin filaye kafin a ba mu takardar gonar. Za a tambaye su ko gidan na da ƙofa da taga. In aka ce babu, masu garken shanun can sun baza kunne, za su shigar da ƙara su ƙwace gonar. Shekara biyar muna shan baƙar wuya!"

"Sai ka jefa ta rami kamar mushen kare? Ƙasa ta daskare, ramin ko ƙugunka bai kai ba. Kai ba ka jin kukan kyarkeci ne?"

Yana ji, ya fi kowa ji. Amma Lemuel jikan Enoch Tackett ne, wanda ya sare daji da gatari a Kentucky, ya yi shekara ashirin yana noma, rana ɗaya wani mai farar riga ya zo da takarda ya tashe shi. Mahaifin Lemuel kuwa a gonar wani ya yi rayuwa a Missouri, a gonar wani ya mutu, sai da suka roƙi wurin binne shi. Kaf zuriyar babu wanda ya taɓa riƙe takardar fili da sunansa. Wannan abu ya zauna wa Lemuel a ƙirji tun yana yaro.

Suna cikin haka tsoho Gideon Pruitt, maƙwabcinsu kuma babban shaidarsu, ya iso a kan alfadari. Ya cire hula, ya dubi yarinyar, ya dubi fatar da aka yanke.

Lemuel ya ja shi gefe. "Kawu Gideon, shekara biyar kana shiga ta ƙofar nan. In na cire ta yau, gobe ka ce akwai. Da bazara zan sa wata."

"Ɗana, da ina da ko allo ɗaya da na kawo. Fatar bijimi ce a bakin ɗakina, ka sani. Amma in ɗora hannu a Littafi Mai Tsarki in ce akwai abin da babu? A'a. Kada ka roƙe ni."

"Kai da gaskiyarka!" Orpha ta daka masa tsawa. "Ita za ta hana kyarkeci tono?"

Tsohon ya sunkuyar da kai.

Lemuel ya juya ga ƙofar. Sannan ya kwance ɗamararsa ta fata, ya yanko guntu, ya durƙusa ya mai da ƙofar yadda take. Sau biyu guduma na samun yatsansa. Orpha ta ɗauko bargon aurensu ta naɗe 'yarta.

Kafin rana ta faɗi suka binne ta a bayan gonar masara. Gideon ya karanta abin da ya sawwaƙa. Lemuel ya jera tubalin ciyawa a kan kabarin, ya ɗora garma a sama don nauyi, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Shi kansa ya san ba za ta hana komai ba.

Da suka dawo ya tura ƙofa ya tsaya matarsa ta shiga. Ta wuce shi ta nufi rumfar shanu, inda ake hango kabarin.

"Orpha, sanyi zai kashe ki."

"Ƙofarka ce, Mista Tackett. Shiga ka rufe. Ni da ɗakin nan har abada."

Gideon ya hau alfadarinsa, ya ja linzami, sai kuma ya tsaya. Bai iya duban Lemuel ba.

"Ɗana," ya ce a hankali, "bayan ƙofa da taga akwai wata tambayar. Za su ce, iyalinsa suna zaune a gidan?"