Oba-obar Baban Sintiri

"Ku zo! Don girman Allah ku zo, zai mutu!"

Ihun da ya sa na tsallake katanga ke nan, zanena sharkaf. Tun safe ake tsuga ruwa, layinmu ya koma rafi, wayoyi duk babu sabis. Na tarar da maƙwabcinmu Baban Sintiri kwance a ƙofar ɗaki, bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa ɗaya ya mutu. Matarsa Inna na durƙushe a kansa, ta damƙe oba-obarsa, 'yar rediyon nan ta sadarwa, da hannu biyu.

Ofishin agajin gaggawa ne ya ba shi ita, a matsayinsa na shugaban 'yan sintirin unguwa. Mutumin kirki ne, amma a kan wannan abu ba shi da mutunci, ko ƙurarta ba ya bari a goge masa. Shi ya sa daga ni har Inna babu wanda ya san kanta.

"Inna, sun amsa?"

"Shiru, 'yar nan! Sun yi banza da ni!" Ta ƙara ƙarfin danne maɓallin gefe da babban yatsa. "Bayin Allah, mijina ne! Naku ne fa!"

Haushin mutanen nan ya kama ni, har na zage su. Na tallafo kan Baba, ina tofa masa duk addu'ar da ta zo bakina. Idonsa na kan Inna. Da kyar ya ɗaga hannunsa mai rai, ya kama yatsan nata yana ja.

"Ina nan, Malam, ba inda za ni," in ji ta cikin kuka. Ta haɗa hannunsa da oba-obar ta matse a ƙirjinta.

Ya sake ja. Ya yi gurnani, hawaye na gangara cikin kunnensa. Muka yi ta ba shi haƙuri.

Da numfashinsa ya tsaya, jikin Inna ya saki, oba-obar ta suɓuce kan tabarma. Nan take ta yi ƙara, muryar wata mata ta fito, har ta dishe.

"Mama, tun ɗazu muna jin ki! In kin danne ba za ki ji mu ba. Ki yi magana, ki saki. Motar asibiti na kan titi tana jira. Wane layi? Wane gida?"

Inna ta zura wa babban yatsanta ido. Shaidar maɓallin na nan kwance a jikinsa.

"Mama? Kina ji na?"

Ruwan indararo na ta zuba cikin bokiti, ya cika yana malala.