Ranar da Yakuba Ya Hau Dutse

Yakuba tiransite ne a Gaya, shi ke fitar wa ƴan kasuwa da kayansu daga duwan, wato kwastan. Shekara ashirin yana wannan aiki a bakin gadar Malanville, kan iyaka da Benin, kuma tafiyarsa mafi nisa a ƙafa ita ce daga buronsa, wato ofishinsa, zuwa wurin mai soya kifi. Ran da ma'aikaciyar asibiti ta auna masa tansiyo, wato hawan jini, ta duba, ta sake dubawa, sai ta ce masa lallai ya fara motsa jiki.

Da yamma ya kai maganar fada, majalisarsu ta hira, inda taubashinsa Gambo ke haɗa shayi. Gambo direban kamyo ne, babbar motar kaya mai zuwa Agadas, kuma kowa a fadar ya ji, aƙalla sau goma, labarin yadda ya hau dutsen Bagzam. Ya ce zagayen unguwa na tsofaffi ne, namiji dutse yake hawa. Akwai wani a gefen hanyar Tanda, ran Lahadi shi zai kai shi har ƙololuwa.

Balkisu matar Yakuba ba ta hana ba. Ta dai tambaya ko a sa masa tabarma a cikin kayan, ya ce ba kwanciya zai je yi ba. Ya sayi takalmi sau-ciki sabo bisa shawarar Gambo, ya ɗauki bido biyu na ruwa, da kwanon dambu, da kilishi.

Bayan sallar asuba kabu-kabu biyu suka sauke su a gindin dutsen. Daga ƙasa bai yi kama da abin tsoro ba, jan dutse ne da sabara a jikinsa. Gambo ya shiga gaba yana bayani: a taka da dukan tafin ƙafa, a ja numfashi ta hanci, kada a dubi sama. Yakuba ya bi duk ƙa'idodin har na minti ashirin. Daga nan takalmin ya fara cin dunduniyarsa, zufa ta jiƙa rigarsa har aljihu, numfashi kuma ta duk ƙofar da ya samu yake fita.

Suka huta. Suka tashi, suka sake hutawa. Wajen ƙarfe tara suka kai inda Gambo ya ce nan ne ƙarshe, sai ga wani tudun a bayansa wanda ya fi na farko tsayi. Yakuba ya zauna a kan dutse ya buɗe dambu. A nan ya lura bayanin Gambo ya ƙare tun ɗazu, leɓensa ya bushe, ya riƙe gwiwa da hannu biyu.

Suna cikin ci wata dattijuwa ta taho daga ƙasa, da ƙwaryar nono a ka, da silifa a ƙafa. Ta gaishe su, ta ce sunanta Hafsatu, rugarsu tana bayan dutsen. Ta dubi tumbin Yakuba, ta dubi bidon, ta tambaya ko dabba ce ta ɓace musu. Yakuba ya ce a'a, hawa kawai suke yi.

“To in kun hau, Alhaji, me za ku yi?”

“Mu sauko, Inna.”

Ta ce Allah ya ba da lafiya, ta wuce. Kafin su rufe kwanon ta ɓace a sama.

Tudu na biyu da rarrafe suka yi shi. Tsakuwa tana zamewa, ƙaya tana kama wando. A wata ƴar inuwa Gambo ya kwanta rigingine, ya ce tunda mai yiwuwa a nan za a binne su, gara ya faɗi gaskiya: Bagzam ɗin nan a kan jaki aka hau da shi, kuma a rabin hanya ya sauka saboda jiri. Yakuba ya so ya zage shi, amma numfashin da zai yi zagin da shi yana da wani aikin. Ya cire takalmin, ya rataya a wuya, ya ci gaba da safa. Gambo ya biyo shi a baya.

Rana ta take tsaka suka kai. Yakuba ya tsaya ya dubi ƙasa. Ga kogi can ƙasa yana walƙiya, ga gonakin shinkafa, ga gada kamar zare, da layin kamyo da ya yi shekara ashirin yana yi wa ihu, yanzu duk ba su fi ƙwaro ba. Iska ta shiga rigarsa. Ya ji daɗin da bai san sunansa ba. Sai wayarsa ta yi ƙara, ya duba, saƙo ne daga kamfanin waya yana yi masa barka da zuwa Benin.

Ba wanda ya gaya masa saukowa ta fi hawa wuya. Cinyoyinsa suka riƙa rawa, ya taka ya ji gwiwa ta ƙi. Ƙarshe ya zauna, ya dinga jan jiki a kan mazaunai, Gambo yana bayansa yana yin haka shi ma. Wandon Yakuba bai kai ƙasa da ransa ba.

La'asar ta wuce lokacin da suka iso bakin hanya, kuma babu kabu-kabu ko ɗaya. Wani manomi, Bashir, ya zo da amalanken shanu cike da rake. Ya dube su, bai yi tambaya ba, ya ce su hau. Suka miƙe a kan raken, Yakuba ya rufe fuska da hula saboda rana.

Haka suka shiga unguwa. Maƙwabta da suka ga ƙato a kwance, fuska a rufe, ƙafa da jini a safa, suka fara salati suna bin amalanken. Wata ta ruga ta kira Balkisu. Ta fito ba mayafi, ta ɗaga hular, ta tarar da mijinta yana shan rake.

Mutum huɗu suka sauke shi. Da suka zaunar da shi a zaure ya ce a dafa masa ruwan zafi, a kuma kai wa Gambo rabi can kan amalanken, don shi ma ba zai iya taka ƙofar gidansa ba yau.