Lita Takwas a Takarda

Alhaji Jibrin, dillalin busasshen kifi a Yelwa, ya sayo wata mota daga Legas a damina ta 1981. Baƙa ce, mai silinda shida, sabuwar fitowa. Ta zo da takardar talla mai ƙyalli, wadda ta ce motar na shan lita takwas a kowace kilomita ɗari. Alhaji bai iya Turanci ba. Malam Ishaya, hedimastan firamare da ke maƙwabtaka da shi, shi ya karanta masa, Alhaji kuma ya maimaita wa duk wanda ya zo gani.

"Ga gudu kamar jirgi, ga shan mai kamar babur," in ji shi.

Direbansa Ɗangana ya shekara goma sha tara yana tuƙa shi. Wata biyu da zuwan motar, Alhaji ya lura ana zuwa gidan mai sau biyu a mako. Ya kira shi a ƙofar gida, gaban mutane.

"Ɗangana, ina mai ke zuwa?"

"Cikin inji, Alhaji."

"Injin wa? Ko akwai wani injin kwalekwale a bakin ruwa da nike ciyarwa ban sani ba?"

Aka yi dariya. Kafin la'asar maganar ta kai tasha: Ɗangana na zuƙe mai da tiyo yana sayar wa masunta. Matarsa Tamada ta ji a wurin niƙa.

Ɗangana ne ya nemi a gwada. A cika tanki, Alhaji ya kulle murfin ya riƙe makulli, a je Wara a dawo, a sake cikawa kowa na gani. Alhaji ya yarda. Ya ce Malam Ishaya ya zo da takardar ya zama shaida.

Ranar Asabar da hantsi suka tashi. Kafin su fita gari Alhaji ya ɗauki 'yan kasuwa biyu abokansa, aka sa buhun shinkafa biyu a but, tsarabar surukansa. Ya ce a kunna sanyi har ƙarshe. Inda kwalta ke da kyau ya ce, "Taka totur, su ga abin da na saya." Ɗangana ya taka. Inda ruwa ya cinye hanya suka yi ta rarrafe da giya ɗaya. Sau huɗu suka tsaya gaisuwa a ƙauyuka, kuma ko sau ɗaya Alhaji bai bari a kashe inji ba, don masu gari su leƙa su ji sanyin ciki. A Wara motar ta yi kusan awa guda tana ƙugi a ƙofar gidan surukai.

A hanyar dawowa Malam Ishaya ya juya takardar. A can ƙasa akwai ƙananan rubutu da bai karanta ba a karon farko: an yi awon a shimfiɗaɗɗen titi, da gudu ɗaya, ba kaya, ba sanyi. Ya dubi ƙeyar Ɗangana, ya dubi Alhaji, wanda ya yi wa makarantarsa alkawarin kwanon rufin aji biyu. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

A gidan mai na Yelwa mutane sun taru. Maleji ya nuna kilomita ɗari da hamsin. Malam Ishaya ya ce bisa takarda, lita goma sha biyu ke nan. Alhaji ya buɗe murfin da hannunsa. Mai sayar da mai ya zuba. Lambar ta wuce goma sha biyu, ta wuce ashirin, ta tsaya a ashirin da bakwai.

Ɗangana ya sauke ajiyar zuciya. "Alhaji, ka gani. Makulli na hannunka."

Alhaji ya dubi mutane. Rabinsu sun ji shi yana cewa kamar babur.

"Na gani," ya ce. "Jama'a ku shaida, Ɗangana ba ɓarawo ba ne. Na janye. Ashe tuƙin ne bai iya ba. Wagga mota ta zamani ce, ba a-kori-kura ba. Bature ya auna ya rubuta. Ko ba haka takarda ta ce ba, Malam?"

"Haka ta ce," in ji Malam Ishaya.

"To ba ni makullin motar, Ɗangana. Zan ɗauko yaro daga Kwantagora wanda ya san irinta."

Ɗangana ya miƙa. Wani daga baya ya ce, "Allah ya wanke ka, baba." Mutane suka watse suna yaba wa Alhaji da ya iya janye magana a bainar jama'a.

Ran Litinin Ɗangana ya je tasha neman mota. Shugaban direbobi ya ba shi kujera, ya saya masa goro.

"Da sata aka ce, Ɗangana, da sauƙi. Sai mai mota ya kulle tanki ya ba ka. Amma direban da ke ƙone lita ashirin da bakwai inda ake ƙone sha biyu, wa zai ba shi motarsa?"

Ɗangana ya ce haka ne. Ya tambaya ko ana neman kwandasta.