Ƙodar Auta

Wata goma sha ɗaya ke nan da Auta ta ba Yayanta ƙoda. Ita tela ce mai shago ɗaki ɗaya da keken ɗinki biyu, shi kuwa direba ne kafin ciwo ya zaunar da shi. Da aka yi dashen ya miƙe, ya yi kumatu, har tsokanarsa ta dawo. In ta je gidansa sai ya dafa kwiɓi ya ce, "Auta, ƙodar nan taki halinki ta ɗauko, ba ta barin mutum ya huta."

Sai gudawa ta kama shi. Matarsa ta ce ta kwana biyu ce. Aka yi mako, aka yi uku, ruwa zalla, sau goma a yini. Sau biyu ana kai bayan gidansa gwaji, takarda na dawowa ba a ga komai ba. An ba shi maganin tsutsar ciki, an ba shi na taifot, ko gezau. A mako na biyar aka ba shi gado a asibiti.

Auta ce ta kai kwalbar bayan gidan ta uku, don matar Yaya ta gaji da hawa bene. Ɗakin gwajin yana ƙarshen baranda, sai warin magani da ƙarar firij. Malamar gwajin, wata dattijuwa mai tabarau, ta duba takardar ta ɗago.

"An taɓa yi masa dashe?"

"E, ƙoda."

"Shi ne ba wanda ya rubuta? Zauna, 'yata."

Auta ta zauna kan benci tana kallo ta ƙofa. Matar ta shafa abin a ɗan gilashi, ta bari ya bushe, ta zuba masa jan ruwa, ta ɗauraye, ta zuba shuɗi. Bayan kusan awa ɗaya ta kira ta, ta ce ta leƙa madubin duba ƙwayoyin cuta. Ko'ina shuɗi ne, sai wasu jajayen ɗigo a warwatse.

"Kin gan su? Ƙwayar cuta ce, Kirifto muke ce mata a taƙaice. Gwajin da aka saba ba ya nuna ta, sai an rina haka. Ta ruwan sha take shiga, ko ta hannu, ko daga wajen maruƙa, kuma ta fi kama ƙananan yara. Tun farkon shekara nake rina na duk mai dashen da ya zo da gudawa. Cikin talatin da ɗaya, Yayanki ne na shida."

Auta ta tsaya tana jiran gabanta ya faɗi. Bai faɗi ba. Abin da ta lura kawai shi ne bakin rigar matar ya warware, yana buƙatar kalmasa. Ta yi godiya ta karɓi takardar.

Washegari likita ya tara su a gaban gadon. Ya ce a jikin mai lafiya cutar kan tafi da kanta cikin mako biyu. Amma magungunan da Yaya ke sha don kada jikinsa ya ƙi ƙodar, su suka kwantar masa da garkuwar jiki. Akwai magani, sai dai bai cika aiki ba in jiki bai taya shi ba.

"In mun rage magungunan dashen, ƙodar na iya lalacewa. In ba mu rage ba, gudawar na iya tafiya da shi."

Matar Yaya ta fashe da kuka. Likita ya dubi Auta, Yaya ma ya dube ta da idanunsa da suka zurma.

"Ni me zan ce?" in ji ta. "Ai ba tawa ba ce yanzu."

"A rage," in ji Yaya.

Aka rage. Cikin mako uku gudawar ta tsaya, aka sallame shi, 'yan uwa suka yi ta zuwa barka. Bayan wata biyu ƙafafunsa suka kumbura, fitsari ya ja baya. An yi ƙoƙarin ceto ƙodar, ba ta dawo ba. Ya koma wankin ƙoda, Litinin da Alhamis, Auta na raka shi ran Alhamis.

Wata rana, jininsa na zagayawa cikin bututun inji, ya ce, "Ki yafe mini, Auta. Na lalata miki kaya."

"Ba komai, Yaya."

Ta laluba zuciyarta ko ƙarya ta yi, ta tarar ba komai ɗin ne. Ba haushi, ba da-na-sani, tausayin ma ya ƙi zuwa.

A bakin ƙofa matar Yaya ta riƙo hannunta, ta roƙe ta ta yi wa ɗan'uwansu na tsakiya magana, malamin makaranta, ko zai yarda a gwada jininsa don ya ba Yaya ƙoda. Auta ta kira shi nan take. Ta faɗa masa ranar gwaji, da hawa na nawa zai je, da cewa kada ya ci komai kafin ya zo. Sai ya ce, "Auta, tsakaninki da Allah, da zafi?"

Ta yi ɗan tunani.

"Ban tuna ba," ta ce.