Mai Sabulun Gada

"Ku ajiye duron nan! Na ce ku ajiye shi!"

Muhsin yana kiciniyar shigar da babur ɗinsa gida ya ji muryar Baba Haladu daga zauren maƙwabta. Da ya waiga sai ya ga Lukman, babban ɗan tsohon, shi da wani ɗan gwangwan sun cicciɓo duro har bakin ƙofa. Ga Baba Haladu a bayansu dafe da bango, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ta ƙi shiga.

"Baba, tsatsa ce kawai take cin sa," in ji Lukman. "Tun kafin azumi ba a hura masa wuta ba."

"To, ta cinye shi a gidana."

Ɗan gwangwan ya saki nasa ɓangaren, ya karkaɗe hannu ya yi gaba. Muhsin ya jingine babur ya ƙaraso, ya kama tsohon ya zaunar da shi a benci. Suka gaisa, ya tambayi jiki, aka ce da sauƙi, alhali numfashin da ƙyar yake fita.

Muhsin mutumin Azare ne, malami ne a jami'a, fannin kasuwanci yake koyarwa. Tun da ya kama haya a unguwar nan ta Wudil yake jin labarin Sabulun Gada. A wannan zauren Baba Haladu ya fara haɗa shi da soda da man alayyadi, ya zuba a akwatin katako, in ya daskare ya yanka sanda-sanda ya buga hatimi mai zanen gadar Wudil. Da farko ba mai saye. Sai ya riƙa bin mata masu wanki a bakin kogi yana ba su ƙananan yanka kyauta. Daga nan abin ya kama. Aka kai lokacin da ran Juma'a ba ya kai azahar a kasuwa kayansa sun ƙare, 'yan sari daga Ɗankaza da Dagumawa suna layi a ƙofar gida, ma'aikata sun cika zaure. Da sabulun ya gina gida, da shi ya sauke farali. Sai masu kwaikwayo suka fito, kowa da nasa hatimin. Bayansu kuma garin sabulu na leda ya shigo kowane shago, ga araha ga kumfa. Ma'aikata suka watse ɗaya bayan ɗaya.

"Malam," in ji Baba Haladu da numfashinsa ya ɗan daidaita, "an ce kasuwanci kake koya wa yara. Me kuke cewa a kan hajar da kasuwa ta juya wa baya?"

Muhsin ya zauna a gefensa. "Baba, cewa muke kowace haja tana da zamaninta. Akwai lokacin da take sabuwa, kana roƙon mutane su gwada. Sai ta karɓu ta yi ta hawa. Sai ta kai inda ba ta ƙara hawa, kowa ya san ta, masu irinta sun yi yawa. Daga nan sai gangara."

"Nawa yana ina?"

Muhsin ya juya ya kalli duron.

"Faɗi mana. Ai kai ba likita ba ne da za ka ɓoye min."

"Yana gangara, Baba. Ya daɗe yana gangara."

Tsohon ya gyaɗa kai, bai nuna ɓacin rai ba. "Na sani. Ranar da garin nan ya fito na ce kumfa ce kawai, mata za su dawo. Ba su dawo ba. To, in haja ta kai nan, sai a binne ta?"

"Ba dole ba. Wani yakan bar ta gaba ɗaya. Wani ya rage, ya riƙe tsofaffin masu saye. Wani kuma ya sauya mata kama, ya nemi sababbin mutane."

"Kamar yaya?"

"Kamar sabulun ruwa. Masu shayi da masu abinci a tasha da shi suke wanke-wanke yanzu, kuma daga Kano ake kawo musu."

Lukman, wanda ke tsaye a ƙofa, ya yi ajiyar zuciya. "Malam, don Allah kada ka sa masa wannan a rai. Ni shagon waya nake so in buɗe a zauren nan. Likita ma ya ce ya huta."

"Hutu yana gaba," in ji Baba Haladu. "Lukman, gwaji ɗaya za ka yi min. In bai karɓu ba, ka kira ɗan gwangwan, ni da bakina zan ce ya ɗauka."

Muhsin ya shiga gida ranar zuciyarsa ba daɗi. Ya san ƙodar tsohon ta gaza, ya kuma san abin da ya faɗa a kan benci ya fi sauƙi a allo. Amma magana zarar bunu ce.

Ran Asabar ya je Kano ya sayo kayan haɗi. Aka wanke duron, aka fito wa Baba Haladu da kujera aka tallafe masa ƙafa da matashi. Lukman yana juyawa da muciya, fuska a murtuƙe, uban yana ba da umarni. Haɗin farko ya fito tsululu kamar ruwan kogi. Baba Haladu ya tsoma yatsa ya murza, ya ce a zubar.

"Baba, ai zai yi wanki."

"Zai yi wanki, amma ba zai fita da sunana ba."

Na biyu ya yi kauri. Tsohon ya sa aka ɗiga masa turaren lemon tsami irin wanda yake sa wa na sanda, ya shinshina. Sannan ya ce a ɗura a robobi, a kai tasha a raba kyauta.

"Kyauta kuma?" in ji Lukman.

"Haka na fara. Tambayi Malam, yana cikin karatunsu."

Muhsin ya yi dariya, Lukman ma ya ɗan murmusa. Su biyu suka kai robobin a babur, suka bi masu shayi da masu tuwo. Wasu suka karɓa da godiya, wasu suka ajiye a gefe ko buɗewa ba su yi ba.

Daga wannan mako Baba Haladu bai sake fitowa zaure ba. Kumburin ya hau har ciki, abinci ya daina zama. Kullum Muhsin ya dawo daga makaranta sai ya shiga ya duba shi, kullum kuma tambayar ɗaya ce: "Sun ce wani abu?" Muhsin yakan ce tukuna, irin wannan sai a hankali. Ran Talata da la'asar ya tarar da shi a kishingiɗe, idanunsa sun faɗa.

"Malam, in yaron nan ya ce waya yake so, ka bar shi. Kada ka matsa masa saboda ni."

"To, Baba."

"Amma ka riƙa leƙa shi."

Washegari da hantsi, Muhsin yana cikin aji, wayarsa ta yi ta motsi a aljihu. Da ya fito ya kira, Lukman ne. Bai iya cewa komai ba sai salati. Kafin azahar an yi wa Baba Haladu sutura. Mutane suka cika layin har bakin titi, cikinsu da tsofaffin ma'aikatansa, wasu sun yi furfura, suna ta nuna wa juna inda kowa yake tsayawa a zauren a da.

Ana zaman makoki wani mai shayi ya zo gaisuwa. Bayan addu'a ya matso kusa da Lukman ya rage murya, ya ce ba lokacin maganar ba ne, amma in akwai sauran na robar nan a ajiye masa. Lukman ya ce to. Bai kalli Muhsin ba.

Ran Juma'a da yamma, kasuwa ta fara watsewa, motocin shanu suna wucewa a babban titi, wata tsohuwa ta yi sallama a ƙofar zaure da ƙunshi a ka. Hansai sunanta, daga Indabo take. Ta ce a yi mata magana da mai sabulu, nata ya ƙare, ita kuwa garin leda cin hannu yake mata.

Lukman ya faɗa mata. Ta sauke ƙunshin a hankali, ta zauna a bakin benci, ta ja gyale ta rufe baki.

"Allahu Akbar. Ban ji ba, wallahi ban ji ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Tun ina goyon 'yar farina nake sayen na mutumin nan."

Lukman ya shiga ciki ya ɗauko mata sandunan da suka rage a kwali, sun bushe sun yi tauri. Ya tsaya jim, ya koma ya ɗauko roba ɗaya ta sabulun ruwa ya ɗora a kai.

"Wannan fa?"

"Shi ya haɗa, Iya. Ki gwada."

Ta buɗe murfin ta kai hanci, ta ɗaga robar tana kallon ruwan ta cikin hasken rana. Ta rufe, ta kwance bakin ƙunshinta ta cusa ta tsakanin gishiri da busasshen kifi. Muhsin ya taya ta ɗorawa a ka. Ta yi musu sallama, ta bi gefen kwata a hankali ta nufi inda ake hawa motar Indabo, hannu ɗaya riƙe da ƙunshin.