Rakoda a Aljihun Badaru

Shekara ashirin da biyu Badaru ya yi yana gadin wani kamfanin robobi a Ikeja. Da farar hula suka karɓi mulki, sabon manaja ya kafa doka: kowane maigadi zai zauna aji mako biyu, ya rubuta darasi, ya ci jarrabawa. Wanda ya faɗi ya ajiye sanda.

Badaru bai iya boko ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Turancinsa na buɗe ƙofa ne. 'Yarsa Mastura ce ta sayo masa 'yar rakoda a kasuwar Jankara, ba ta fi tafin hannu ba. Kafin ya hau motar danfo daga Agege sai ya zura ta a aljihun gaba. A aji ya danna, ya riƙe biro yana ja a takarda kamar kowa. Da la'asar Mastura ta saurara, ta fassara masa da Hausa a ɗaya gefen kaset ɗin. Ya yi ta ji har ya haddace, yadda ya haddace allo yana yaro.

Rana ta shida ya manta bai mayar da zaren kaset ɗin zuwa farko ba. Malaminsu Saja Alabi, tsohon soja, yana tsakiyar bayani, sai zaren ya ƙare, aka ji ƙat! daga ƙirjin Badaru.

Duk aji ya waiwayo.

"Baba, mene ne a aljihunka?" in ji Saja da Hausar bariki.

Badaru ya ciro ta. Saja ya fizge.

"Wa ya aiko ka? Wa kake kai wa muryata?"

Ba a daɗe da fita daga mulkin soja ba. Kowa ya san kaset ya sha kai mutum kurkuku.

"Ba wanda ya aiko ni."

Saja ya buɗe littafin Badaru. Zane ne layi-layi, ba harafi ko ɗaya. Ya ɗaga wa aji. Wani ya fara dariya, Ya'u maigadin ƙofar baya ya zungure shi.

"Fita," in ji Saja.

Badaru bai motsa ba.

"Oga, tambaye ni darasin Litinin."

Bai jira ba. "Gobarar lantarki ba a watsa mata ruwa. A fara kashe wutar gidan. A tara ma'aikata a fili. A nan ka yi tari, ka ce a buɗe taga."

Saja ya dube shi. Ya juya kaset, ya danna. Muryar Mastura ta fito: "Baba, natsu, nan wurin zai fito a jarrabawa."

Ya kashe. Sannan ya ɗora rakodar a kan teburinsa.

"Nan za ta riƙa zama tana ɗaukar darasi. Jarrabawarka da baki za ka yi."

Ya'u ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Baba, a ara mini gefen Hausar."

Badaru ya rufe littafin zanen.

"Ka zo da batirinka."